Shiga Jijiyar Jini Ta Wuyan Hannu: Jagora Daga Zaɓen Hannu Har Zuwa Kwance Ɗauri

Na yi wannan rubutu ne domin matasan likitoci da ma'aikatan jinya da suka fara shiga ɗakin kateta, wato ɗakin da ake zura siririn bututu ta cikin jijiyar jini a kai shi zuciya ko ƙwaƙwalwa ko hanta ba tare da an tsaga jiki ba. Karatu ba zai maye gurbin tsayuwa kusa da gwani ba, domin yatsa ne ke koyon wannan aiki. Amma akwai abubuwan da idan mutum ya riƙe su a ka tun kafin ya sa safar hannu, zai iya aikin da wuri, kuma marar lafiya ba zai sha wuya a hannunsa ba.

Kalmar "jijiya" a Hausa ta tattara abubuwa da yawa, har da wadda ake sa ƙarin ruwa a cikinta da wadda ke kai saƙon ji. Wadda nake nufi a nan ita ce mai bugawa, wadda likita ke dafawa da yatsu a wuyan hannu ta ɓangaren babban yatsa idan yana ƙirga bugun zuciya. Sunanta radiyal. Tana da abokiyar tafiya ta ɓangaren ƙaramin yatsa mai suna alna, kuma su biyun suna haɗuwa a cikin tafin hannu, kowace tana iya tallafa wa yankin 'yar uwarta.

Da can ta gindin cinya ake shiga, domin jijiyar wurin babba ce, ba ta da wuyar samu. Dabarar kanta, ta soka allura a bi ta da waya sannan a bi wayar da bututu, wani likitan hoto ɗan ƙasar Suwidin mai suna Sven Ivar Seldinger ne ya fito da ita a 1953. A 1989 Lucien Campeau na birnin Montreal a Kanada ya wallafa yadda ya ɗauki hoton jijiyoyin zuciyar mutum 100 ta wuyan hannu, sannan a 1992 Ferdinand Kiemeneij a Amsterdam ya fara buɗe toshewar jijiyar zuciya ta wannan hanya. Abin da ya sa duniya ta karkata can shi ne jini. Jijiyar cinya tana da zurfi, idan ta ɓalle tana iya zubar da jini mai yawa cikin ciki ba wanda ya gani. Ta wuyan hannu kuwa a kwance take bisa ƙashi, ƙarƙashin fata, yatsa ɗaya ya isa ya danne ta. Babban binciken MATRIX na 2015, wanda ya ƙunshi mutum fiye da 8,000 masu toshewar jijiyar zuciya ta gaggawa, ya nuna raguwar zubar jini mai tsanani da raguwar mutuwa ga waɗanda aka shiga musu ta hannu. Ga kuma sauƙin da marar lafiya ke samu: ana gamawa zai tashi zaune, ya ci abinci, ya taka da ƙafarsa zuwa bayi.

Sai dai jijiyar ƙarama ce, faɗinta milimita 2 zuwa 3 ne a yawancin mutane, kuma bangonta cike yake da tsoka mai saurin fushi. Kusan duk matsalar da za ka gamu da ita a wannan aiki daga nan take tasowa.

Kafin a kwanta a gado

Ka fara da dafa hannayen biyu. Idan bugun ba ya nan, ko yana da rauni ƙwarai a hannu ɗaya, nemi dalili: ko an taɓa shiga ta nan, ko akwai tsohon rauni ko karaya. Tambayi ko an taɓa cire jijiyar domin tiyatar zuciya. Mai ciwon ƙoda da ya yi nisa kuwa, a tsaya a yi shawara da likitan ƙoda tukuna, domin da wannan jijiya ake haɗa masa hanyar wankin ƙoda nan gaba, kuma hannun da aka riga aka yi wa wannan haɗi ba a taɓa shi sam.

Akwai gwajin da Edgar Allen ya bayyana a 1929, wanda aka yi wa kwaskwarima daga baya: a danne jijiyoyin biyu, marar lafiya ya dunƙule hannu ya buɗe har tafin ya yi fari, sai a saki alna a ga ko jini zai dawo cikin 'yan daƙiƙu. A fatarmu ganin wannan sauyin launi ba koyaushe yake da sauƙi ba, shi ya sa na fi son gwajin Barbeau. Ana maƙala na'urar auna iskar oksijin a babban yatsa, a danne radiyal na minti 2, a kalli igiyar bugun a allo. Idan ba ta canza ba, ko ta ragu ta dawo, ko ma ta ɓace ta dawo kafin minti biyun su cika, alna tana ciyar da hannun. Idan ta ɓace ba ta dawo ba, wannan ne rukunin da ake dubawa da kyau. Bincike na baya ya nuna gwaje-gwajen nan ba sa hasashen mutuwar hannu yadda aka zata, cibiyoyi da yawa ma sun daina dogaro da su wajen hana mutum. Duk da haka ina koya wa kowa gwajin Barbeau, domin za mu buƙace shi a ƙarshen aiki, a juye. A lura, baƙin lalle da jan farce kan hana na'urar karatu sosai. Idan haka ta faru a juya ta ta gefen yatsa ko a koma wani yatsan.

Wane hannu? Yawancin masu aiki sun fi sabawa da dama domin a nan suke tsayawa. Hagu ya fi dacewa ga wanda aka yi wa tiyatar zuciya aka ɗauko jijiyar ƙirjinsa ta hagu, da kuma tsofaffi da gajerun mutane, waɗanda jijiyar ƙarƙashin ƙashin wuyansu ta dama ta fi yawan murɗewa.

Tambaya ɗaya da ba na yarda a tsallake ta, kuma a keɓe ake yin ta, ba gaban iyali ba: ko mutum ya sha maganin ƙarfin maza a kwana biyun nan. Irin su sildenafil idan suka haɗu da naitirogilisarin, maganin sassauta jijiya da za mu zuba a cikinta, awon jini na iya faɗuwa warwas. Maza da yawa ba sa ɗaukar wannan a matsayin magani, ba za su ambata ba sai an tambaya kai tsaye. A kuma duba aikin ƙoda, da ko jiki ya taɓa ƙin ruwan rinin da ake ɗaukar hoto da shi, da magungunan tsinka jini da yake sha. Kada a bar mutum da ƙishi na dogon lokaci, musamman a watannin zafi. Jikin da ya bushe jijiyarsa lafewa take yi.

Shimfiɗa hannu

A cire agogo, zobe da awarwaro. A miƙar da hannun bisa allon da ke gefen gado, tafin yana kallon sama, a naɗe ɗan tawul a sa ƙarƙashin wuyan hannu ya ɗan lanƙwashe baya, a manne yatsu da filasta. Lanƙwasawar ta zama madaidaiciya. Idan ta yi yawa jijiyar miƙewa take ta baje, bugun ya ɓace maka. A wanke da maganin kashe ƙwayoyin cuta daga tafi har kusa da gwiwar hannu, a rufe da ƙyalle mai tsafta. A shirya gindin cinya ɗaya ma, ko da ba za a taɓa shi ba.

Yi magana da mutumin. Tsoro da sanyi da zafi su ne ke sa jijiya ta tsuke. Nakan ce, "Baba, za ku ji ɗan cizo kamar na cinnaka, daga nan wurin zai mutu. Duk abin da zan yi sai na faɗa muku tukuna." A lulluɓe shi idan ɗakin ya yi sanyi. Wanda jikinsa ke rawa a ba shi ɗan maganin kwantar da hankali ta jijiya, bisa tsarin wurinku.

Sukar farko

Nemo ɗan tsinin ƙashin da ke gefen wuyan hannu, ƙarƙashin gindin babban yatsa. Daga nan ka hau sama wajen gwiwar hannu da kamar santimita 2. A nan jijiyar ta fi miƙewa da girma, kuma ta bar maka wuri a sama idan sukar farko ba ta yi ba. Idan ka soka ƙasa da haka, za ka shiga inda ta fara rassa da lanƙwasa, wayarka ta ƙi wucewa.

Ɗora yatsu biyu ko uku na hannun hagunka a jere bisa jijiyar, ka ji ba bugun kaɗai ba, har da inda ta dosa. Sa lidoken, maganin kashe zafin wurin, kaɗan ƙarƙashin fata da siririyar allura, mililita 1 ko ƙasa da haka ma ya wadatar. Masu koyo suna yawan cika wurin da shi don tausayi, sai kumburin ya binne bugun, su koma lalube. Ka ɗan murza wurin ya baje, ka jira ya kama.

Idan akwai na'urar sikan a ɗakin, yi amfani da ita, kada ka ga kamar gazawa ce. A allo jijiyar baƙin da'ira ce mai bugawa, tana tsakanin ƙananan jijiyoyi biyu masu lotsewa idan ka danna, ita kuwa ba ta lotsewa. Binciken RAUST na 2015 ya nuna samun shiga a suka ɗaya ya tashi daga kusan kashi 44 cikin ɗari zuwa kusan 65 idan ana kallon allo. Kuma sikan zai gaya maka faɗin jijiyar, ka san girman abin da za ta iya ɗauka.

Riƙe allurar kamar alƙalami, bakinta mai yanka yana kallon sama, a karkace tsakanin digiri 30 zuwa 45, tana fuskantar gwiwar hannu. Hanya biyu ce daga nan. Ta farko da allurar ƙarfe zalla mai lamba 21: ka shiga a hankali har jini ja ya fara fitowa da bugu, ka tsaya cak, ka ɗan kwantar da allurar, ka zura waya. Ta biyu da allura mai rigar roba irin ta ƙarin ruwa: idan jini ya leƙo a gindinta, ka ci gaba da turawa har ka huda bangon baya jinin ya tsaya, ka zare ƙarfen, sannan ka riƙa janyo robar baya milimita bayan milimita har jini ya yi tsartuwa. A nan bakinta yake tsakiyar jijiya. Ga mai koyo na fi son ta biyu, domin ba ta dogara da tsayuwar hannu sosai ba, kuma kube, bututun da za a sa a jijiyar, zai toshe ƙaramin hujin bangon baya.

Idan ka kuskure, kada ka yi ta karkaɗa allura a cikin nama kana neman sa'a. Janyo ta a hankali, domin sau da yawa ka riga ka ratsa jijiyar, jinin zai bayyana kana fitowa. Idan bugun ya ɓace bayan suka, jijiyar ta tsuke ne. Danne wurin, ka dakata minti biyar ko fiye, ko a sa naitirogilisarin kaɗan ƙarƙashin fatar wurin, sannan ka sake gwadawa ɗan sama da wurin farko. Suka ta uku da ta huɗu a jijiyar da ta riga ta fusata ba ta cika haifar da ɗa mai ido ba. Kira na gaba da kai, ko ka koma ɗaya hannun.

Waya da kube

Wayar siririya ce, kaurinta tsakanin 0.018 zuwa 0.025 na inci. Dole ta shige kamar zare cikin ruwa. Idan ka ji ta tokare, ko marar lafiya ya ce zafi, tsaya. Ko dai bakin allurar na jingine da bango, ko wayar ta faɗa ƙaramin reshe, ko ta shiga tsakanin ɓawon jijiyar. Janyo ta, ka tabbatar jini na fita da bugu, ka ɗan juya allurar ko ka ƙara kwantar da ita, ka sake. Idan shakka ta ci gaba, taka fedar da ke kunna na'urar hoto ka ga inda take. Ba a tura waya da ƙarfi a ko'ina cikin jikin mutum.

Idan ta shige, zare allurar kana danne da wurin, ka goge wayar da jiƙaƙƙen auduga, ka zura kube, wato gajeren bututun da zai zauna a matsayin ƙofa. Ka tabbatar wutsiyar waya ta fito ta baya kana riƙe da ita kafin ka tura. Kube mai santsi idan ya jiƙa ya fi, domin yana rage tsukewa. Ana auna faɗin cikinsa da ma'aunin Faransa, inda kowace lamba ɗaya take daidai da sulusin milimita. Lamba 5 ta isa ɗaukar hoto, lamba 6 ta isa yawancin aikin buɗe jijiya da sa sitent, wato ɗan ragar ƙarfe da ke riƙe jijiya a buɗe. Ka tuna lamba 6 ta gargajiya kaurinta na waje ya kai kusan milimita 2.6, alhali jijiyar wata baiwar Allah ƙaramar jiki ba ta fi milimita 2 ba. Zaɓi mafi ƙanƙantar da zai yi aikin. Zare waya da abin buɗa hanya da ke cikin kuben tare, ka zuƙo jini ta gefen kuben, ka wanke da ruwan gishiri.

Yanzu sai maganin sassauta jijiya ta cikin kuben. Abin da aka saba shi ne naitirogilisarin maikirogiram 100 zuwa 200, da berafamil miligiram 2.5, wasu har 5. Berafamil yana da zafi kamar wuta a tafin hannu, saboda haka zuƙo jinin mutumin cikin sirinjin ya gauraya da shi, ka tura sannu, ka kuma gargaɗe shi tukuna. Dubi awon jini da bugun zuciya kafin ka ba da su. Mai awon jini ƙasa, ko zuciya mai rauni ƙwarai, ko bugu mai jinkiri, ko matsanancin tsukewar ƙofar babbar jijiya, a rage ko a bari. Sannan hefarin, yunit 50 ga kowane kilo na nauyin jiki, ko yunit 5,000 ga babba, ko da hoto kawai za a ɗauka. Shi ne ke hana jijiyar toshewa da gudan jini bayan an gama. Wasu sukan jinkirta shi har waya ta isa ƙirji, don idan hanya ta ƙi aka koma cinya kada a soka ta da jini a tsinke. Wannan dabara ce mai kyau, muddin ba a manta da shi ba.

Hanyar zuwa ƙirji

Kateta ba ta tafiya ita kaɗai, waya ce ke gaba koyaushe, mai kauri 0.035 na inci da lanƙwasasshen kai. Wurare biyu ne aka fi samun cikas. Na farko kusa da gwiwar hannu, inda a wasu mutane jijiyar ke yin zobe, ko ta taso daga sama tana siririya. Idan waya ta tsaya a nan, tura ɗan rini da aka sirka ka ga taswirar wurin, sannan ka ratsa da waya mai santsi ko siririyar wayar zuciya kana kallon allo. Na biyu a gindin wuya, inda jijiya ke murɗewa kafin ta faɗa babbar jijiyar ƙirji. A nan ka ce, "Hajiya, ku ja dogon numfashi ku riƙe." Jan numfashin yana janyo zuciya ƙasa ya miƙar da hanyar, sai ka ga waya ta faɗa inda ake so. Duk lokacin da za ka canza kateta, bar doguwar waya a ciki, kada ka sake ratsa hanyar daga farko.

Idan katetar ta fara kamewa, marar lafiya yana jin zafi duk sanda ka juya ta, jijiya ta tsuke a kanta. Tsaya, ƙara maganin sassautawa da na rage zafi, a ɗumama hannun, a jira. Kada ka fizge. An sha ganin jijiyar da aka tsinko tare da kube saboda gaggawa.

Kwance ƙofa ba tare da kashe jijiya ba

A nan ne na fi ganin sakaci, domin babban likita ya gama nasa ya fita, an bar sauran ga wanda ya gaji. Na taɓa ganin wani magidanci mai ciwon suga da aka ɗauki hoton zuciyarsa a wani asibiti, aka ɗaure wuyan hannunsa tamau har washegari don gudun zubar jini. Bai ji komai ba, hannunsa na aiki. Bayan 'yan shekaru ƙodarsa ta gaza, likitan tiyata ya zo haɗa masa hanyar wanki ya tarar radiyal ɗin ta toshe tun tuni. Toshewar ba ta cika yin ciwo ba, shi ya sa ba a ƙirga ta, amma ta rufe ƙofar da mutum zai buƙata gobe.

Abin da ake so shi ne a danne hujin daidai yadda jini ba zai fita waje ba, amma yana ci gaba da gudana a ciki. Samir Pancholy da abokan aikinsa sun nuna a 2008 cewa wannan salo yana rage toshewar ƙwarai. Ga yadda ake yi da ɗauri mai balan-balan irin TR Band. Janyo kuben waje da santimita 2 ko 3. Ɗora ɗaurin yadda koren ɗigon da ke jikinsa zai zauna ɗan sama kaɗan da hujin fata, domin hujin jijiyar ya fi na fata matsawa sama. Hura iska kamar mililita 15, kada a wuce 18, kana zare kuben a hankali. Sai ka riƙa rage iskar mililita ɗaya-ɗaya har ka ga jini ya ɗan tsatso, ka mayar da mililita 1 ko 2.

Sannan gwajin Barbeau a juye: na'ura a babban yatsa, ka danne alna da yatsanka. Idan igiyar bugu tana nan a allo, jini na ratsa radiyal, ɗauri ya yi daidai. Idan ta ɓace, ka matse da yawa, rage iska ka sake dubawa. Idan an rage har jini na fita amma igiyar ba ta dawo ba, a mayar da iskar, a sake gwadawa bayan minti 15. Danne alna na ɗan lokaci yayin da ɗaurin ke kai yana tura jini ta radiyal, yana ƙara taimakawa. Inda babu irin wannan ɗauri aka yi da auduga da bandeji, ƙa'idar ba ta canza ba, a duba da na'urar yatsa, kuma kada a zagaye wuyan hannu da ɗauri mai hana jini komawa.

Bayan hoto kawai, akan fara sassautawa bayan kamar awa ɗaya; bayan sa sitent, inda hefarin ya fi yawa, bayan kamar awa biyu. Cire mililita 2 zuwa 3 duk minti 15. Idan jini ya fito, mayar da abin da ka cire ka ƙara jira.

Ma'aikaciyar jinya ta riƙa taɓa naman da ke tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu, ba kallon filasta kaɗai ba. Waya na iya huda ƙaramin reshe can sama, jini ya riƙa taruwa cikin tsoka nesa da inda aka soka. Kumburi, tauri, zafin da ya fi ƙarfin abin da ake gani, ko zafi idan an miƙar da yatsu, alamu ne na gaggawa. A kira likita nan take, a ɗaga hannun, a ɗaura rigar awon jini bisa kumburin a hura ta zuwa kamar 15 ƙasa da awon jininsa na sama na tsawon minti 15, ana kallon na'urar yatsa. Idan yatsu suka fara mutuwa ko suka kasa motsi, likitan tiyata ake nema a wannan sa'ar, ba da safe ba.

Kafin sallama a sake danne alna a duba igiyar, a rubuta a fayil ko radiyal a buɗe take. Jin bugu da yatsa kaɗai na iya ruɗi, domin jini kan zagayo ta tafin hannu ya buga a ƙasan toshewar. Sannan a yi wa mutum bayani da abubuwan da yake yi a rayuwarsa: kwana biyu zuwa uku ban da ɗaukar jarkar ruwa, jan guga, daka, wanki ko tuƙa babur. Wajen sallah kada ya dogara da wannan hannu yayin sujada da tashi a ranar farko da ta biyu, ya kuma kiyaye ruwa daga filastar har washegari. Ɗan shacin jini ƙarƙashin fata ba abin damuwa ba ne, zai washe cikin mako ɗaya ko biyu. Idan jini ya ɓalle a gida, ya danne wurin da yatsu da ƙarfi, ya ɗaga hannun sama, a kawo shi asibiti yana danne. Haka kuma idan ya ga ƙullutu mai bugawa, ko hannun ya yi sanyi, ko wurin ya yi ja yana ruwa, ya dawo a ranar.